Abin da Idon Kafinta Ya Gano a Masar

Na fi shekara talatin ina riƙe da zarto a garin Keffi kafin in taka ƙasar Masar, kuma ba katako ne ya kai ni ba. Ɗana na biyu ne ke karatu a Azhar da ke Alƙahira a lokacin. Uwarsa ta kafe sai wani ya je ya gano mata shi ido da ido, don ta ce muryar waya ba ta nuna rama. A ƙarshen 2019 Allah ya hore kuɗin jirgi, na bar wa yaran shago mabuɗi, na tashi daga Abuja. Kwana goma sha tara na yi a can. Yaron na same shi lafiya ƙalau, har ya yi ƙiba. Tsarabar da ta fi zama mini a rai kuwa, wadda har yau nake juya ta, a jikin itace na samo ta.

Tun jirgi bai sauka ba na fara mamaki. Ta taga ƙasa ja ce fetal, rairayi iya ganinka, sai wani siririn zare kore da ya bi gaɓar kogin Nilu. Ni da na tashi a lokacin da idan ka fita bayan Keffi ta hanyar Akwanga ko ta Nasarawa, inuwar madaci da maje da ɗorawa ce ke miƙa ka ga juna, sai na ce a raina: kafintocin ƙasar nan da me suke aiki? Ashe da na saye. Katakon da ke shagunansu ta teku yake zuwa. Akwai wanda suke kira zan, mai ƙarfi, ɗan ja-ja, ana kawo shi daga ƙasashen Turai irin su Romaniya. Akwai moski, fari mai laushi, daga ƙasashen sanyi na arewacin Turai. Kowane falanki da kuɗin waje aka biya shi.

Kwana na uku da isata ɗana ya ce, "Baba, yau zan kai ka inda za ka manta da abincin rana." Muka hau bas daga Hayyul Ashir, unguwar da ɗaliban Najeriya suka yi yawa, muka sauka kusa da Azhar, muka gangara titin Mu'iz a ƙafa har tsohuwar ƙofar garin da ake kira Babu Zuwaila. A jikinta akwai masallacin Sarki Mu'ayyad Shaikh, wanda aka gina tsakanin 1415 da 1421. A nan muka yi Azahar. Ana sallamewa idona ya faɗa kan mumbari, ban san lokacin da na miƙe ba.

Ya fi mutum biyu tsayi. Gefensa taurari ne cikin taurari, layuka na fita daga wannan su ratsa wancan, su karye, su sake haɗuwa can gaba, ba ka iya nuna farko balle ƙarshe. Daga nesa na ɗauka falanki ɗaya ne aka sassaƙe. Da na matsa sai na ga ɗaruruwan guntaye ne, wani bai kai tafin hannun jariri ba, wasu an dasa musu hauren giwa. Na bi su da ido ina neman kan ƙusa, don mu kafintoci duk inda muka ga aiki abin da muke fara nema ke nan, ko inda aka toshe ɓaraka da dusar katako da gam. Ban gani a fuskar nan ba. Na roƙi mai kula da masallacin, ya yi murmushi ya ce in taɓa a hankali. Na ɗora ɗan yatsa kan guntu ɗaya, sai na ji ya ɗan motsa a mazauninsa, kamar haƙorin yaro da ya fara girgiɗi. Na ce wa ɗana, "Kaico, ya fara lalacewa. Shekara ɗari shida, ai dole."

Washegari aka gyara mini zance. A unguwar Darbul Ahmar, bayan Azhar, lunguna cike suke da ƙananan shagunan masu aikin hannu, kuma wani abokin karatun ɗana ya san wani dattijon kafinta a can. Usta suke ce wa gwanin sana'a, kamar yadda yaranmu ke ce mana oga. Shagonsa bai kai rabin nawa ba. Ya sa aka kawo shayi a ƙananan kofunan gilas, ɗana yana tafinta. Da na ba shi labarin guntun da ya motsa, sai ya yi dariya har ya ajiye kofi. Ya ce, "Ya Hajji, ranar da ya daina motsi, ranar zai fashe."

Ya jawo wani aiki da bai gama ba, ya warware shi a gabana a kan tebur. Siraran sanduna ne, kowace an fafe mata kwari a gefe. Guntayen kuma kowane an fitar masa da ɗan harshe a kewaye. Harshe ya zauna cikin kwari, sanda ta kama sanda da haɗin mace da namiji, firam na waje ya ɗaure su gaba ɗaya. Ba gam, ba ƙusa. Suna kiran aikin ta'ashiƙ, wato shigar juna. Kowane guntu da sunansa: tauraron tsakiya tirs, ƙananan da ke kewaye da shi masu siffar ƙwayar almon lauza, na bayansu masu kusurwa shida kinda. Zanen duka da kamfas da rula ake fitar da shi a takarda, babu kwamfuta. Ya ɗauki kinda ɗaya ya ba ni, ya ce in sa ta inda ta dace. Sau uku ina juya ta kafin ta shiga, da ta shiga kuwa sai ta yi wata 'yar ƙara, ƙas, wadda duk kafinta ya san daɗinta.

A wurin nan wani abu ya faɗo mini. 'Yan shekaru kafin tafiyar na yi wa wata amarya sif mai ƙofa huɗu. A watan Agusta na haɗa shi, ruwa na zuba. Kowace ƙofa falanki uku ne masu faɗi, na manne su da gam gefe da gefe, na buga musu sanduna a baya da ƙusa, na goge na shafa banish har kana ganin fuskarka. Aka yi jere, kowa ya yaba. A watan Janairu mahaifin yarinyar ya zo shago da kansa, ya ce cikin dare suka ji ƙara kamar an harba bindiga, da safe suka ga ƙofa biyu sun tsage daga sama har ƙasa. Na sake su da kuɗina, na kuma ɗora laifin a kan wanda ya sayar mini da ɗanyen katako a matsayin busasshe. Yana da nasa laifin. Amma a shagon Usta na gane rabin laifin na ginin ƙofar ne.

Itace ko an yanka shi bai daina numfashi ba. Da damina yana shan laima ya kumbura, da hunturu ya tofar ya tsuke, kuma a faɗi yake wannan motsi, tsayinsa kusan ba ya canjawa. Na sha auna falanki mai faɗin inci 12 a watan Satumba, in sake auna shi a Fabrairu in ga ya rage kusan rubu'in inci. Idan ka manne uku, ka kuma ɗaure su da ƙusa ta baya, ka hana su inda za su tsuke, sai su nemi hanya da kansu. Hanyar ita ce tsagewa. Guntun da bai fi inci biyu ba kuwa, motsinsa ɗan kaɗan ne, kuma kwarin da yake zaune a ciki ya bar masa wurin yin sa. Mutanen Masar ba su da manyan itatuwa, ga zafi ga bushewa, sai suka mayar da rashin ya zama ado. Mu muna da damina mai laima da hunturu mai busar da leɓe a shekara ɗaya, wato mun fi su buƙatar wannan dabara, amma ban taɓa ganin an koya wa yaro ita a shagunanmu ba. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, yakan yi ƙofa mai firam da allo a tsakiya, yana hana mu sa wa allon gam. Mun bi umarni ba mu tambayi dalili ba, da ya rasu kuma gaggawa ta sa muka watsar.

Usta ya tambaye ni irin itatuwan ƙasarmu. Na buɗe waya na nuna masa hoton wani falankin madaci da na taɓa saya, faɗinsa ya kusa ƙafa biyu, ja wur kamar an shafa masa manja. Na nuna masa kawo, na nuna masa madobiya. Ya kira 'ya'yansa biyu daga ciki su zo su gani. Suka daɗe suna faɗaɗa hoton da yatsu. Sai ya ce, "Guntayen da suka rage fa, me kuke yi da su?" Na gaya masa gaskiya. Mai shayi yana zuwa da buhu, masu tuyar ƙosai da awara suna aiko yara, abin da ya saura a share a cinna masa wuta da yamma. Ɗana ya fassara. Dattijon bai ce komai ba. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wasu tsofaffin gwangwanayen madara, ya buɗe. Guntayen katako ne a ciki, an ware su launi-launi, baƙi daban, ja daban, ruwan zuma daban, wasu ba su kai gaɓar yatsa ba. Da su yake yi wa akwatuna da tebura ado, haɗe da ƙashin raƙumi da ɓawon wata halittar teku mai ƙyalli da suke kira sadaf. Ban taɓa jin nauyin wani abu a sana'ata kamar na wannan rana ba.

Daga nan idona ya buɗe, duk inda na juya a tsohon garin sai in ga guntaye. A wani lungu da ake kira Darbul Asfar akwai gidan Suhaimi, wanda aka fara ginawa a 1648 aka faɗaɗa shi a 1796. Tagoginsa su ne abin kallo. Mashrabiyya ake ce musu: raga ce ta katako, an haɗa ta da dubban 'yan sanduna da aka fere suka zama kamar ƙwayoyin carbi, kowace ta shiga ramin 'yar'uwarta. Na hau bene na zauna a bayan ɗaya da tsakar rana. A waje rana na dukan dutse, a ciki haske ya shigo a tace, ya zuba a ƙasa ɗigo-ɗigo, iska kuma na ratsowa a sanyaye. Ina ganin duk wanda ke tsakar gida, shi ba ya ganina. Ragar da ke daidai ido matsattsiya ce, ta sama kuma mai faɗin ƙofofi, don haske ya shiga ba tare da an keta sirrin gida ba. Sunan ma daga sha ya samo asali, domin a nan ake ajiye tulun ruwa iska ta sanyaya shi, kamar randarmu a gindin bishiya.

Na zauna ina tunanin gidajen da ake ginawa yanzu a Keffi da Masaka da Mararaba. Tagar gilas da alminiyom, a bayanta ƙarfen hana ɓarawo, a bayansa labule mai kauri da ba a ɗagawa saboda mutanen waje. Ɗaki ya zama tanda, idan an ɗauke wuta sai kowa ya fito da tabarma. Matan gidajenmu suna son sutura, suna kuma son iska, ga abin da ya haɗa biyun, kuma da ragowar katako ake yin sa. Wani mai fere irin waɗannan sanduna ya nuna mini bakan da mahaifinsa ya yi aiki da shi, rataye a bango. Da hannu ɗaya ake jan bakan ya juya katako, ɗaya hannun da yatsun ƙafa su riƙe ƙarfen ferewa. Shi yanzu da ƙaramin inji yake yi, a cikin minti ɗaya ya fere mini guda ya ba ni. Tana cikin aljihun rigata har na dawo gida.

Wani abin ya ɓata mini rai. A masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879, akwai mumbarin da Sarki Lajin ya sa aka yi a 1296. Da yawa daga guntayensa na asali an ɓamɓare su tun ƙarni na 19, suna gidajen tarihi na Turai, wasu a Landan. Aikin da ba a sa masa ƙusa ba yana da sauƙin warwarewa ga mai gyara, haka ma ga mai ɗauka.

Ranar da muka je Giza kowa dala yake kallo, ni kuwa wani ɗaki da ke gindin babbar dalar ne ya riƙe ni. A lokacin a cikinsa akwai jirgin ruwan Fir'auna Kufu, tsayinsa ya haura mita 43. A 1954 aka gano shi cikin wani rami da aka rufe da manyan duwatsu, a warware, guntu 1,224, an jera su a tsanake. Wani gwanin gyaran kayan tarihi, Ahmad Yusuf, ya shafe fiye da shekara goma yana mayar da shi yadda yake. Galibinsa itacen al'ul ne na Labanan, kuma babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a jikinsa. Falankan an haɗa su da mace da namiji, sannan aka ɗinke su da igiya ta ciki, kamar yadda mata ke ɗinke ƙwaryar da ta fashe. Shekararsa wajen 4,500. Na zagaya shi sau uku ina bin layin haɗin da ido. Tun wancan zamani sayo katako suke yi, domin akwai rubutu a dutse da ya ce a zamanin Sinefru, mahaifin Kufu, jirage 40 sun iso cike da itace. A 2021 an ɗauke jirgin zuwa sabon babban gidan tarihi da aka gina kusa da dalar.

A tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, na ga kujerar zinariya ta Tutankamun da kowa ke rububin gani, na ga gado da kujerun Hetaferes, mahaifiyar Kufu, da aka tono a 1925. Amma na fi daɗewa a gaban kayan da ba a kula su: ƙananan kujeru masu saƙar igiya kamar gadajenmu na da, matasan kai na itace, akwatunan da kusurwarsu ke da haƙora masu shiga juna kamar yatsun hannu biyu. Wasu akwatunan faci ne a kan faci, karkatattun guntaye da aka daidaita bakinsu aka haɗa da turakun itace. Da ɗana ya karanta mini sunayen itatuwan ƙasar da suka yi aiki da su, sai na ga duk na sani: bagaruwa, ɓaure, kurna, goruba. Itatuwan da in ka kawo wa kafintan Keffi zai ce ka kai wa mai gawayi.

Saura kwana huɗu in dawo muka yi sammako zuwa Dumyaɗ, kusan kilomita 200 arewa da Alƙahira, inda reshen Nilu na gabas ke faɗawa teku. Gari ne da kusan kowane gida shagon kafinta ne a ƙasa, iyali a sama. Sun daɗe a sana'ar: Ahmad ɗan Isa, wanda ya yi mumbarin masallacin Gamri wajen 1451, da sunan garin ake masa laƙabi. Abin da ya burge ni shi ne rabon aiki. Wannan ƙafar kujera kawai yake yi. Na kusa da shi haɗa firam. Sai a ɗora a keke ko amalanke a kai wa mai sassaƙar fure, wanda suke kira oimaji, daga shi sai mai goge, sai mai fenti da ruwan zinariya, sai mai kushin. Na tsaya kan wani oimaji da ke da ƙarafan sassaƙa sun fi talatin a jere, yana canja su ba tare da ya kalla ba, ganye na fitowa daga jikin zan kamar dama yana ciki. Mutumin da ya shekara ashirin yana yin abu ɗaya, hannunsa ya wuce gardama. Mu kuwa kafinta ɗaya shi ne mai rufin kwano da safe, mai gado da rana, mai akwatin kaji da yamma.

Sai dai salon kayan bai kwanta mini ba, kuma zan faɗa. Yawancinsu kwaikwayon kujerun sarakunan Faransa ne, lanƙwasa a kan lanƙwasa, zinariya har ta yi yawa. Irinsu ne ake nuna mini a waya a shago, a ce, "Oga, irin wannan nake so." Hannun mutanen Dumyaɗ ya fi abin da suke kwaikwayo. Mumbarin Babu Zuwaila nasu ne, daga addininsu da lissafinsu da yanayin ƙasarsu ya fito, shi ya sa ya tsaya mini a rai, kujerun zinariyar kuwa na manta kamanninsu kafin mu iso tasha.

A jirgin dawowa na yi ta tambayar kaina mene ne namu. Manya sun ce sunan garinmu ma daga kafi ya fito, shingen itatuwa da aka kafa a kewaye da zango a zamanin Abdu Zanga, wajen 1800. Keffi ta yi zamanta a ƙarƙashin Zazzau, kuma a Zariya akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830. Azarar giginya ba ta ɗaukar nauyi idan ta yi tsawo, sai ya ɗaura gajeru a kan gajeru, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har bakan gizo ya haɗe a sama ya rufe fili mai faɗi. Dabarar Usta ce a cikin laka. Masassaƙanmu sun san kirya ce ta turmi, sun san itacen da ya dace da akushi da wanda ya dace da allo, suna fitar da kujerar tsugunno daga kututture ɗaya ba haɗi. Zane kuma ba mu rasa ba. Ga aska takwas da tambari a wuyan babbar riga, ga dagi a bangon soro, ga zayyanar da alarammomi ke yi wa allon sauka, ga ƙwaryar da aka yi wa ado da wuƙa. Ban taɓa ganin ɗaya daga cikinsu a ƙofar sif ko kan gado ba, har da waɗanda na yi da hannuna.

Itacen kuma yana ƙarewa muna kallo. Madobiya, wadda 'yan katako suka sa wa suna madrid, an yi shekaru ana loda ta a kwantena zuwa Sin, inda ake yin kayan ɗaki masu tsada da ita, har a farkon 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Abin da ya tsira daga kwantena yana tafiya a buhu. Duk mai bin hanyoyin jiharmu ya san jerin buhunan gawayi a bakin titi, suna jiran motocin Abuja. Kirya da marke da kaɗanya ne a ciki. Ban zargi mai gawayi ba, yunwa ce ta tura shi daji. Amma falankin madacin da na nuna wa Usta, yau ko da kuɗi a hannu sai ka yi yawo kafin ka ga irinsa. Shagunanmu sun koma allon dusa da aka matse aka lulluɓe da leda mai zanen itace, wanda idan ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura kamar burodi, amarya ba ta yaye ɗan fari ba ya zube.

Da na dawo, abu na farko da na yi shi ne hana share shago a cinna wuta. Na samo buhuna huɗu, na ce ja daban, baƙi daban, fari daban, ruwan zuma daban. Yarana suka ɗauka wani abu ya same ni a tafiya. Babbansu ya ce, "Oga, mai shayi fa zai yi fushi." Na ce a ba shi dusa da ɓawo, guntu kuwa ya zauna. Sai na sayi kamfas na 'yan makaranta, na yi wata guda ina ɓata takarda da daddare kafin tauraro mai tsini takwas ya fito mini daidai. Mai tsini goma sha biyu har yanzu yana ba ni wuya. Kwarin na fafe shi da ƙaramin inji, harsunan da hannu, kuma na farko ashirin duk sun tafi murhu saboda kusurwar ta kauce da kaurin gashi. A wannan aiki kuskuren da ba ka gani a guntu ɗaya, idan ya zagayo tauraro sai ya zama ɓarakar da yatsa zai shiga.

Wata huɗu na yi, a tsakanin ayyukan da ke ciyar da gida, na gama ƙofa ɗaya. Guntu 214 ne a jikinta, madaci da kawo da ɗan baƙin kanya a tsakiyar taurarin, a saman kuma na fitar da dagi. Duk daga buhunan nan suka fito, firam kawai na yanka daga sabon falanki. Ban sayar ba, na kafa ta a ofishin shagona. Tun daga nan duk sif ɗin da ya fita daga hannuna allon ƙofarsa a kwari yake zaune, ba gam. Na kuma koma ga ƙa'idar maigidana, cewa falanki sai ya ga damina ya ga hunturu a jingine a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani, kafin zarto ya taɓa shi. Yana ɗaure jari, ba na musu. Wasu masu saye suna jin farashi su juya su tafi wurin allon dusa, kuma ba na ganin laifinsu, kowa da aljihunsa. Amma wani malami daga jami'ar jiha ya ga ƙofar ya sa na yi masa kantar littattafai, wani liman kuma daga wani ƙauye ta hanyar Nasarawa ya zo da kwamitinsa muna maganar mumbari. Na yi taga ɗaya irin ta gidan Suhaimi a ɗakin uwargida, ƙarama, da sandunan malaina. Ita ce ta fara cewa a cire labulen.

'Yan'uwana kafintoci na Keffi da Lafiya da Akwanga, ku ajiye buhu a gindin tebur, ku daina ba wuta guntun madaci. Idan kun koya wa yaro bugun ƙusa, ku koya masa fafe kwari, ku kuma gaya masa dalili. Wanda hanya ta biyo da shi Keffi a watan Janairu, lokacin da hunturu ya fi tsanani, ya tambayi shagon kafintan da ke da ƙofar taurari. Ya zo ya ɗora yatsa a kan guntu ɗaya, zai ji yana motsi, kuma har yau babu inda ta tsage.